Magani ko Sassauci, ko Duka Biyun? Yadda Inshorar Lafiya ke Biyan Kulawar Rage Raɗaɗi Idan Ƙwayar Cuta Ta Yi Tsanani

Kusan duk tsarin inshorar da ke biyan kulawar rage raɗaɗi, a jikin mai ciwon daji aka gwada shi kafin a ɗinka. Haka tarihin abin ya zo. Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, akasari domin masu kansar da likitoci suka gama iya ƙoƙarinsu a kanta. Da majalisar dokokin Amurka ta shigar da irin wannan kulawa cikin Medicare, wato inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, a 1982, hoton wannan mara lafiyar ne a gabanta: mutumin da aka san ciwonsa, aka san ba mai tashi ba ne, kuma likita zai iya ƙiyasta watannin da suka rage masa ba tare da ya kauce da nisa ba. Kansa tana gangarowa da mutum ne a hankali, ana gani.

Cutar da ƙwaya ke haddasawa ba ta san wannan tsari ba. Dattijon da nimoniya, wato ciwon huhu, ta kwantar ranar Litinin yana iya cikawa ranar Alhamis, yana kuma iya komawa gida da ƙafarsa bayan mako uku. Likitan da ke tsaye a kansa ranar Talata bai san wanne zai kasance ba, kuma in mai gaskiya ne zai faɗa maka haka. A wannan Talatar mara lafiya yana buƙatar maganin kashe ƙwayar cutar, yana kuma buƙatar wanda zai sassauta masa haki da zugi da firgici. Tambayar kenan: inshorar da ke hannunka za ta biya duka biyun a lokaci guda, ko za ta ce ka zaɓi ɗaya?

Sunaye biyu da ake cakuɗawa

Kulawar rage raɗaɗi aiki ne na tawaga: likita, nas, jami'in jin daɗin jama'a, wani lokaci da mai kwantar da hankali ta fuskar addini. Aikinsu su rage zafin ciwo, sarƙewar numfashi, tashin zuciya, ruɗewa da rashin barci, su kuma zauna da iyali a fahimci abin da mara lafiya yake so a yi masa da abin da ba ya so. Ana iya fara ta tun ranar da aka gano cutar, ana ci gaba da magani gadan-gadan. Hosfis kuwa, wato kulawar ƙarshen rayuwa, reshe ne a cikinta, na wanda aka daina neman warkar da shi. A bakin jama'a abu ɗaya ne. A takardar inshora ƙofofi biyu ne, kowace da makullinta da kuɗinta, kuma yawancin ɓacin ran da iyalai ke shiga daga shiga ƙofar da ba ita suke nufi ba yake tasowa.

Buƙatar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar kulawar rage raɗaɗi kowace shekara, kuma kashi 14 cikin ɗari kacal ke samu. A 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri na farko da ke kiran ƙasashe su sa ta cikin tsarin lafiyarsu. A ɗaya ɓangaren, sefsis, wato halin da jiki ke shiga idan martaninsa ga ƙwayar cuta ya koma yana lalata gaɓoɓinsa, ta kama mutum miliyan 48.9 a 2017, ta kashe miliyan 11, kusan ɗaya cikin kowace mace-mace biyar a duniya a shekarar.

Ƙofa ta farko: sassauci a gefen magani

A nan babu wani kunshi na musamman. Inshora tana ɗaukar likitan rage raɗaɗi kamar kowane ƙwararren likita da aka kira ya duba mara lafiya. In mutum yana kwance a asibiti, aikin tawagar yana shiga cikin kuɗin kwanciya, ana biyan likitan kuɗin dubawa. In a gida yake yana zuwa asibiti, ana biyan ganin likita, ana biyan magani ta ɓangaren magunguna. Ba a neman shaidar cewa mutum ya kusa mutuwa, ba ya sa hannu cewa ya haƙura da komai. Allurar antibayotik tana shiga ta wannan hannu, mofin kaɗan, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, yana sassauta hakin, na'urar taimakon numfashi tana nan in an so, wankin ƙoda ma haka.

Wannan shi ne babban alherinta ga mai cutar ƙwaya, kuma a ganina ya rinjayi duk aibinta in dai akwai sauran tsammanin warkewa. Amma aibin yana nan, kuma aljihu ne ke fara jin sa. Kowane abu da lissafinsa. A Medicare na asali, wanda gwamnati ke gudanarwa da kanta, alal misali, mara lafiya yana biyan kaso na farko na kwanciyar asibiti, wanda ya kai dala 1,676 a 2025, sannan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin likitoci, kuma babu wani rufi da aka ce in ya kai nan ya daina biya, sai in yana da ƙarin inshora. Tsare-tsaren Medicare Advantage na kamfanoni suna da wannan rufin, sai dai su kuma suna da jerin asibitocinsu da dokar neman izini kafin a yi wasu abubuwa. Mako uku a sashen kulawa ta musamman, likitoci biyar suna shiga suna fita, kashi 20 ba abin rainawa ba ne.

Aibi na biyu ya fi na kuɗi ciwo, kuma sai ranar sallama yake fitowa. A cikin asibiti tawaga ce. Da an fita ƙofa sai ta watse. Inshora ta san yadda ake biyan likita da nas mai zuwa wanke ciwo na ɗan lokaci, amma ba ta saba biyan jami'in da zai zauna da iyali ba, ko lambar da za a kira da ƙarfe biyun dare idan numfashi ya sarƙe. Mai jinya shi ke zama mai haɗa kan komai: ya nemo oksijin a nan, gado a can, magani a wani wurin. Wanda ya tsira daga sefsis kuwa ba lafiyayye yake fita ba. Wani bincike da aka buga a 2015 kan tsofaffin Amurka ya gano cewa kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka tsira suna sake komawa gadon asibiti cikin kwana 90. Waɗannan watanni ukun su ne lokacin da mutum ya fi buƙatar tawaga, su ne kuma lokacin da ƙofar farko ta fi barin sa shi kaɗai.

Akwai wani giɓi da ya shafi cutar ƙwaya ita kaɗai. Ciwon ƙashi ko na bawul ɗin zuciya da bakteriya ta kama yana neman antibayotik ta jijiya na mako huɗu zuwa shida. Ana iya yin hakan a gida, amma sau da yawa inshora tana biyan kuɗin maganin ta bar kayan ƙarin ruwan da aikin mai haɗawa. Medicare na asali ya daɗe da wannan matsala, har ta sa ake tura tsofaffi gidan jinya ba don komai ba sai don a samu mai biyan allurarsu. Duk mai kwatanta tsare-tsare ya tambayi wannan da sunansa: allurar jijiya a gida, da maganin, da kayan, da nas, wa zai biya kowanne?

Wasu wuraren sun yi ƙoƙarin toshe giɓin ta hanyar ƙirƙiro kunshin rage raɗaɗi na gida wanda ba ya hana magani. Jihar Kalifoniya ta wajabta shi a kan tsare-tsaren inshorarta ta masu ƙaramin ƙarfi daga Janairun 2018. Sai dai dubi cututtukan da dokar ta jero: kansar da ta yi nisa, gazawar zuciya, cutar toshewar huhu, da ciwon hanta. Babu cutar ƙwaya ko ɗaya, sai in kamfanin ya ga dama ya ƙara. Irin wannan jerin ya kamata mutum ya nema a kowace takarda, domin kalmar "muna biyan kulawar rage raɗaɗi" a shafin farko ba ta gaya maka wa ake biya wa ba.

Ƙofa ta biyu: kunshin hosfis

Zan tsaya a kan na Medicare, saboda shi ne aka fi rubuta dokarsa dalla-dalla, kuma kamfanonin inshora da yawa shi suka kwaikwaya. Sharuɗɗan shiga biyu ne. Likitan hosfis da likitan mara lafiya, in yana da shi, su shaida cewa in cutar ta bi hanyarta da wuya ya wuce wata shida. Sannan mara lafiya ko wakilinsa ya sa hannu cewa ya zaɓi sassauci, ya bar maganin da ake yi da nufin warkar da wannan cutar. Ana ba shi wa'adi biyu na kwana 90, sai na kwana 60-60 ba iyaka muddin ana sabunta shaidar.

Abin da ake samu a ciki yana da yawa, kada a raina. Nas mai zuwa gida, mai taimakon wanka, likita, gadon asibiti, oksijin, magungunan sassauci, da lambar kira dare da rana. Abin da mutum zai biya bai wuce dala 5 a kan kowane magani ba. In ciwo ya tsananta ana iya turo nas ta zauna sa'o'i masu yawa, ko a kwantar da shi a asibiti ƙarƙashin hosfis har a shawo kan alamomin. In mai jinya ya gaji ana karɓar mara lafiya har kwana biyar ya huta, iyali su biya kashi 5 cikin ɗari. Bayan rasuwa ana ci gaba da tallafa wa iyali da shawara har shekara guda. Abin da ba a biya shi ne kuɗin ɗaki da abinci in a gidan tsofaffi mutum yake zaune, kuma babu mai jinyar da za a turo ya kwana kullum. Duk abin da ƙofar farko ta rasa a gida, wannan tana da shi.

To ina matsalar? Tana cikin yadda ake biyan hosfis ɗin kansa. Kuɗin rana ake ba shi, kimanin dala 200 a kan kulawar gida ta yau da kullum, kuma daga ciki zai fitar da albashin nas, gado, oksijin da duk maganin da ya shafi cutar. Doka ba ta hana antibayotik ba, in dai don sassauci ake bayarwa. Ƙwayar magani mai araha ta ciwon mafitsara babu mai musu a kanta, kuma ita ce aka fi ganin amfaninta wajen rage zafi. Amma allurar jijiya mai tsada, ko maganin ƙwayar da ta bijire wa saura, tana iya cinye kuɗin ranar gaba ɗaya ta nemi ƙari. Ƙaramin hosfis zai ce wannan magani ne na warkarwa, ba ya cikin tsarinsa. Babba mai marasa lafiya da yawa zai iya ɗauka. Dokar ɗaya ce, amsar ta bambanta daga gida zuwa gida, shi ya sa tambayar ba ta inshora kaɗai ba ce, ta hosfis ɗin da za a zaɓa ce.

Sai rigimar "ya shafi cutar ko bai shafe ta ba". Medicare yana ci gaba da biyan ciwon da ba shi da alaƙa da wanda aka shiga hosfis dominsa. Mai kansar huhu ya kamu da nimoniya: sabon ciwo ne ko ɗan kansar ne? Hukumar da ke kula da shirin tana ganin kusan komai yana da alaƙa, wato nauyin hosfis ne. In iyali suka ruga da shi asibiti ba tare da sanin hosfis ba, suna iya tashi da bashin kwanciyar a wuyansu. Tun Oktoban 2020 mara lafiya yana da haƙƙin neman rubutaccen jerin abubuwan da hosfis ya ce ba ruwansa da su. Mutane ƙalilan ne suka san da wannan takarda, kuma ga mai yawan kamuwa da ƙwayar cuta ta fi ƙasidar talla amfani nesa ba kusa ba.

Abu biyu suna rage tsoron ƙofar. Na ɗaya, ba ta kulluwa daga waje: mutum yana iya janye sa hannunsa kowace rana ya koma magani, ya kuma dawo daga baya in ya cika sharaɗi. Na biyu, yara ba sa cikin wannan tsaka mai wuya. Dokar lafiya ta Amurka ta 2010 ta ba 'yan ƙasa da shekara 21 da ke ƙarƙashin Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, damar samun hosfis da maganin warkarwa tare. Ni ina ganin abin da aka yarda ya dace da yaro mai shekara 20 babu dalilin likitanci da zai hana ya dace da mai shekara 70 da ke fama da tarin fuka. Dalilin na kuɗi ne.

Kowace cuta da ƙofarta

Sefsis da nimoniya mai tsanani, har da irin wadda korona ta riƙa jawowa daga 2020, ba su da lokacin cike takardu. Ana yanke komai cikin kwanaki a cikin asibiti. Ƙofar farko ce tasu ba tantama, kuma abin da ya kamata iyali su nema shi ne a kira tawagar rage raɗaɗi tun a kwanakin farko na shiga sashen kulawa ta musamman, kada a jira sai an fara maganar cire na'ura. Likitoci suna da wata dabara mai kyau a nan: a yi magani da dukkan ƙarfi na wasu kwanaki da aka ƙayyade, a amince tun farko da alamomin da za a duba, in ranar ta zo a zauna a sake shawara. Wannan yana yiwuwa ne kawai ƙarƙashin inshorar da ba ta ce a zaɓa ba. In aka kai ga dakatar da magani, wasu asibitoci suna mai da mutum ƙarƙashin hosfis a kan gadon da yake, kuma ko da kwana biyu ya rage, iyali suna cin moriyar tallafin bayan rasuwa.

Tsohon da cutar mantuwa ta yi wa nisa, yana shaƙe abinci yana kamuwa da nimoniya a kai a kai, labarinsa daban. A nan ƙwayar cutar alama ce ta cewa babbar cutar ta kai ƙarshe. Wani bincike a gidajen tsofaffi na yankin Boston, wanda aka buga a 2010, ya nuna antibayotik yana ƙara wa irin waɗannan kwana amma ba ya ƙara musu jin daɗi. Kowace tafiya asibiti da allura da ɗaure hannu take zuwa, ga mutumin da bai san dalilin da ake yi masa ba. Ga wannan, hosfis ya fi, kuma da wuri. Rabin masu shiga hosfis a Amurka ba sa wuce kusan kwana 18 a ciki, alhali an tsara shi don wata shida. Yawancin iyalai suna isa ne bayan an ci kasuwa.

Cuta mai karya garkuwar jiki ita ce ta fi tona asirin dokar wata shida. Kafin 1996 gidajen hosfis cike suke da matasa masu ita. Da magungunan haɗaka suka fito, mutanen da aka yi wa shaidar mutuwa suka miƙe suka koma aiki. Yau ana cewa cutar ta yi nisa idan ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4 suka yi ƙasa da 200 a gwajin jini, amma wanda ya zo a haka, ko da sanƙarau na naman gwari a kansa, yana iya farfaɗowa in ya samu magani. Ƙa'idojin da masu tantance biyan Medicare ke amfani da su suna neman CD4 ƙasa da 25 ko ƙwayar cuta sama da 100,000 a jini, tare da wata babbar matsala. Ko a nan ma, kafin a sa hannu a tambaya: maganin da yake sha kullum za a ci gaba da biya? Yana da tsada a ƙasashen da ba kyauta ake bayarwa ba, kuma dainawa yana buɗe ƙofa ga cututtukan da za su ƙara masa azaba. In amsar ta zo da inda-inda, ƙofar farko ta fi aminci.

Tarin fuka mai bijire wa magani ya faɗa tsakanin kujeru biyu. Shirin gwamnati ne ke ba da maganinsa a yawancin ƙasashe, inshora ba ta ganin nauyinta ne. Shi kuma shirin an gina shi don warkarwa da hana yaɗuwa, ba shi da kasafin oksijin a gida ko mofin. A Tugela Ferry ta Afirka ta Kudu, rahoton 2006 ya nuna 52 cikin mutum 53 da suka kamu da mafi munin nau'insa sun mutu, rabinsu cikin kwana 16 da ɗaukar majinarsu. Abin ya sauya ƙwarai: daga 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin ƙwayoyi na wata shida a madadin tsohon magani na wata 18 zuwa 20 wanda allurarsa ke kurmantar da mutane. Duk da haka kimanin mutum 400,000 ke kamuwa da nau'in mai bijirewa a shekara, kuma akwai waɗanda magani ke ƙare wa. Su ne gidan hosfis ke gudun karɓa, domin har yanzu suna iya yaɗa cutar kuma ba kowane gida ke da ɗakin keɓewa ba. A nan abin tambaya shi ne ko inshora za ta biya ɗaki na mutum ɗaya saboda larurar likitanci, da ko masu zuwa gida suna da kayan kariya kuma sun yarda su zo.

Ciwon haukan kare ba ya buƙatar dogon kwatance. Da alamomi sun bayyana kusan babu mai tsira, kuma kwanaki ne. Ɗaki mai shiru, maganin kwantar da jiki, mofin, a cikin asibiti. Duk takardar da za ta ɗauki mako ba ta da amfani.

Inda ba a ce ka zaɓa ba

Ba dole ba ne a gina abin yadda Amurka ta gina. Jamus ta ba duk mai inshorar gwamnati haƙƙin samun ƙwararriyar tawagar rage raɗaɗi a gida tun 2007. Likita ne ke rubutawa, sharaɗin shi ne cutar ba ta warkewa, ta yi nisa, kuma alamominta suna da wuyar sha'ani. Babu adadin watanni a dokar. Dokar 2015 ta sa asusun inshora ya biya kashi 95 cikin ɗari na kuɗin gidan hosfis, sauran daga gudummawa, mara lafiya ba ya biyan ko sisi. A Ingila akwai hanyar gaggawa ta NHS, wato tsarin lafiya na gwamnati, ga wanda jikinsa ke lalacewa da sauri kuma yana iya shiga matakin ƙarshe: likita ko nas ya cike fom, ana sa ran a tsara kulawar cikin sa'a 48, ba a duba dukiyar mutum. Kalmar "yana iya" ita ce ta dace da cutar ƙwaya, domin ta bar wa rashin tabbas wuri. Rauninta shi ne gidajen hosfis na can sadaka ce ke riƙe da mafi yawan kasafinsu, gwamnati kusan kashi ɗaya cikin uku take bayarwa, don haka samun gado ya danganta da inda mutum yake zaune. Faransa kuma ta sa cuta mai karya garkuwar jiki da tarin fuka cikin jerin doguwar jinya da ake biyan kulawarsu ɗari bisa ɗari.

Na kawo su ne don mai sayen inshora ya san abin da zai auna da shi. In ka ga takarda da ta sa adadin watanni kuma ta ce a bar magani, ka san salon Amurka ce. In ta yi maganar tsananin alamomi da buƙata, ta fi kusa da ta Jamus, kuma ita ce ta fi dacewa da cutar da ba a san ƙarshenta ba.

Abin dubawa a takardar kamfani

An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma kamfanin inshora askin da ya rubuta kaɗai yake yi. Kamfanoni da yawa, musamman masu bin salon Birtaniya, sun raba ciwo gida biyu: mai zuwa ya wuce, da mai zama. Na farko suke biya. Ƙwayar cuta tana farawa a gida na farko, amma ranar da likita ya rubuta cewa ba a sa ran warkewa, tana iya tsallakawa na biyu, biyan ya tsaya daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Wasu takardun suna ba da kulawar ƙarshen rayuwa ga ciwon daji kaɗai, a ƙarƙashin babin ciwon daji. Mai sefsis bai da rabo a ciki. Wasu sun sa mata rufin kuɗi na tsawon rayuwa ko na kwanaki ƙayyadaddu. Ka duba ko an cire annoba, ko an cire cuta mai karya garkuwar jiki ko an sa mata shekarun jira, da ko an cire ciwon da mutum ya shigo da shi. Amurka ta hana wannan na ƙarshe daga 2014, amma a wurare da dama yana nan daram, kuma mai ciwon sukari ko ƙoda, wanda yana cikin waɗanda sefsis ta fi kamawa, shi zai fi shan wahalarsa: kamfani zai ce gyambon ƙafar da ya ruɓe ɗan tsohon ciwo ne. Ka duba jerin magunguna ko mofin na sha yana ciki. Yana da araha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma dokokin sa ido suna sa wasu kantunan da inshora ta yarda da su ba sa ajiye shi.

Inshorar da ke ba da kuɗi dunƙule in an kamu da mummunar cuta ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikin ƙofofin biyu. Jerinta na ciwon daji ne da bugun zuciya da shanyewar jiki, cutar ƙwaya kaɗan ce a ciki, kuma yawanci sai mutum ya rayu wasu kwanaki bayan gano cutar kafin a biya. Inshorar rai mai biya tun da rai in likita ya ce saura wata 12 tana taimaka wa mai doguwar jinya ya ɗauki mai kwana da shi. Ga mai sefsis, kafin a duba takardarsa an gama.

In ni ne ke zaɓa, tsakanin takarda mai kunshin hosfis mai ƙayatarwa wadda ta ce sai an bar magani, da wata mai kunshi matsakaici wadda ta yarda a haɗa biyun kuma tana biyan nas da allurar jijiya a gida, ta biyun zan ɗauka ko da kuɗin zubinta ya ɗan fi. Hosfis kuma in ajiye shi ga ranar da abu uku suka haɗu: akwai babbar cuta a ƙasa da ba ta warkewa, ƙwayar cutar tana dawowa duk da magani, kuma mara lafiya da bakinsa ya ce ya gaji da asibiti.

Wannan "da bakinsa" kuwa shi ne abin da sefsis ke fara ƙwacewa. Ruɗewa tana cikin alamominta na farko, kuma wanda aka sa wa na'urar numfashi ba ya magana. Sa hannun shiga hosfis, janye shi, ɗaukaka ƙara in kamfani ya ƙi biya, duk wani ne zai yi a madadinsa, kuma kamfani ba zai tattauna fayil ɗin mutum da wanda ba shi da izini a rubuce ba, ko da matarsa ce ko babban ɗansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Medicare ya fara biyan likita kuɗin zaman tattauna wannan tun Janairun 2016, kuma a kowane tsari mutum yake, zai iya rubuta sunan wakilinsa, ya ba asibiti kwafi, ya ba kamfanin inshora kwafi, ya ajiye na uku tare da katin inshorar a inda mutanen gida suka sani.